Ruwan da ke cikin inji ne ke fasa shi, ba sanyin waje ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen sanyi, musamman mu nan jihar Minnesota ta Amurka da maƙwabtanmu na Kanada. Jihar nan tana da tafki sama da 11,000, shi ya sa idan bazararsu ta zo sai ka ga mutanenmu sun sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu a farashi mai sauƙi, a yi ta zuwa kamun kifi da yara, to amma da Oktoba ta shiga sai a ja shi a tirela a ajiye bayan gida a lulluɓa masa tamfol, wai an killace shi ke nan. Wallahi tamfol ba ya hana komai. Dusar ƙanƙara kawai yake tarewa, sanyi kam sai ya shiga.

Injin jirgi ba kamar na mota ba ne da ke da lagireto, akasarinsu ruwan tafkin suke zuƙa su sanyaya kansu su tofar, kuma ko an fito da jirgi akwai sauran ruwa maƙale a bulok, wato gangar jikin injin, da bututun hayaƙi da famfo. Shi ruwa idan ya daskare ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin 100, duk wanda ya taɓa cika kwalbar zoɓo ya manta ta a firiza ya san ƙarshen labarin. Ƙarfen bulok ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. A nan kuwa a Janairu sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas ba labari ba ne, a 1996 ma an auna 51 ƙasa da sifiri a garin Tower na jihar nan. Abin haushin ba za ka sani ba sai watan Mayu, ka tayar da inji ka zaro sandar gwajin mai ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ka ga layin tsatsa ya gangaro a gefen bulok. Kuma yawancin inshora ba sa biyan ɓarnar daskarewa, za su ce sakacinka ne.

Mai injin ratayawa a baya, irin su Yamaha da Mercury, aikinsa da sauƙi. Ka sauke shi ya tsaya tsaye cak, ruwan zai tsiyaye da kansa. Kuskuren da ake yi shi ne barin shi a ɗage kamar yadda aka taho da shi a hanya, sai ruwan sama ya taru a wajen farfela ya daskare ya fasa gidan giya. Sannan a juye man giya tun kafin sanyi, in ya fito fari-fari to ruwa ya shiga, sil ɗin da ke tare ruwa ya mutu, a kai wa makanike.

Inda ake kuka shi ne injin da ke cikin jirgi, irin MerCruiser da Volvo Penta. Nan dole ka kwance duk toshen magudanar ruwa na bulok da na bututun hayaƙi, a MerCruiser da yawa shuɗaye ne na roba, ka duba littafin injinka ka ƙirga su don mantawa da ɗaya tal ya isa. Kuma don Allah idan ka cire ka ga ruwa bai fito ba kada ka ce ai babu, ka zura 'yar waya ka tsokane ramin, sau da yawa yashi ne da tsatsa suka toshe bakin, kana tsokana sai ka ga ruwa mai laka ya ɓalle. Ka cire tiyo na ƙasa su ma su zubar. Bayan nan ne ake zuba antifiris, wato maganin hana daskarewa, mai ruwan hoda ɗin nan na jirage, banda na mota, shi guba ne, ranar da ka koma tafki cikin ruwa zai tafi, kare ko mage ma suka lasa mutuwa ce.

Akwai wata dabara da ta cika YouTube, a sa antifiris a bokiti a jona tiyo inji ya zuƙa har ya fito ta baya. Ni dai ban yarda da ita ita kaɗai ba, domin in inji bai yi zafi sosai ba tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, a rufe yake, antifiris ɗin zai kewaye ya fice kana ganin hoda-hoda kana murna alhali bulok cike yake da ruwan tafki. A tsiyaye tukuna, sannan a zuba.

Sauran kuma ƙanana ne: a zuba maganin da ke hana fetur lalacewa tunda fetur ɗin nan akwai itanol a ciki mai jan danshi, a fesa mai a silinda saboda tsatsa, a cire batir a shiga da shi gida don wanda cajinsa ya ƙare shi ma daskarewa yake, a ɗaga gaban jirgi a cire toshen ƙasansa. Mutanenmu na Texas kada su ce ba ruwansu, sun ga irin sanyin ƙanƙarar da ya afka musu a Fabrairun 2021, dare ɗaya ya wadatar.

Su kuma 'yan kasuwa masu sayen injinan hannu a gwanjon Amurka suna turawa gida don masu jirage a Yauri ko Baga, injin da ya kwana a ƙanƙara fentinsa na iya ƙyalli alhali cikinsa a tsage. Ka sa a buɗe man giya a gabanka, ka haska tocila a gidan giya da gefen bulok ka nemi tsaga ko alamar walda, in mai shi ya ƙi a tayar da shi da ruwa to ka riƙe kuɗinka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku, mai karatu daga Minneapolis, Amurka.