Wasiƙa zuwa ga aminina kan gasar zari-ruga ta mata

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali da yara duka. Saƙonka ya iso, inda ka ce ka ci karo da mata suna wasan zari-ruga a talabijin, ka zuba ido har aka tashi amma ba ka gane dalilin da alƙalin wasa ke ta busa usur ba. Abin da ka gani ita ce Gasar Ƙasashe Shida ta mata, wadda ake yi kowace shekara tsakanin Ingila, Faransa, Italiya, Ailan, Sikotlan da Wales. Zan yi maka bayani yadda idan ka sake zama gaban akwatin za ka san inda za ka sa ido.

An fara gasar a 1996 da ƙasashe huɗu. Faransa ta shigo a 1999, Sifaniya ta biyo baya, sannan a 2007 aka cire Sifaniya aka sa Italiya don jerin ƙasashen ya yi daidai da na gasar maza. Ni dai a ganina ba a kyauta wa 'yan Sifaniya ba, domin ba a fili aka fi ƙarfinsu aka fitar da su ba, kuma gasar ba ta da tsarin hawa da faɗuwa da zai ba su ƙofar dawowa. Tawagar Ailan kuwa ta tsibirin ce baki ɗaya, kudu da arewa a riga ɗaya.

Kowace ƙasa tana karawa da sauran biyar sau ɗaya, wasa 15 ke nan a zagaye 5. Wadda ta yi wasa uku a gida bana, biyu za ta yi baɗi. Nasara maki 4 ce, canjaras 2. Akwai ƙarin maki ɗaya ga wadda ta dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa sau huɗu ko fiye a wasa guda, da wani ɗaya ga wadda aka doke da ratar 7 ko ƙasa da haka. Shi ya sa za ka ga tawagar da aka riga aka cinye tana ta fafutuka a minti na 79. Wadda ta ci wasanninta biyar kuma ana ƙara mata 3, kuma akwai lissafi a ciki: nasara biyar babu ƙari maki 20 ne, alhali wadda ta ci huɗu da ƙari, ta faɗi ɗaya da ƙari biyu, tana iya kaiwa 22. Ukun nan ne ke kai ta farkon 23, don kada wadda ba a taɓa dokewa ba ta rasa kofi.

A fili kowane ɓangare mutum 15 ne, da 8 a benci, ana minti 80 da hutu a tsakiya. Dire ƙwallo da hannu a bayan layin abokan karawa, wanda suke kira tirai, maki 5 ne. Bugun da ke biyo bayansa 2 ne, kuma ana yin sa ne daidai saitin inda aka dire, don haka mai wayo idan ta tsallake layi ba ta direwa nan take, sai ta karkato kusa da sanduna. Bugun hukunci 3 ne. Babbar doka ita ce ba a miƙa ƙwallo da hannu zuwa gaba, sai baya ko gefe. Idan ta suɓuce daga hannu ta faɗi gaba, laifi ne, kuma da yawa daga usur ɗin da ya dame ka daga nan yake.

Hukuncin wannan ƙaramin laifi shi ne sikiram, wato lokacin da ka ga mutum takwas-takwas sun sunkuya sun haɗa kafaɗa kamar raguna masu karo. Uku ne a gaba, masu lamba 1, 2 da 3, biyu a bayansu suna tura su, sauran ukun a gefe da ƙarshe. Alƙali yana ba da umarni uku: a durƙusa, a riƙe, a haɗa. Mai lamba 9 ce ke jefa ƙwallo a tsakiya, mai lamba 2 ta janyo ta da ƙafa. Yana rushewa ne idan ɗaya daga cikin na gaba ta bar kafaɗarta ta yi ƙasa da ƙugunta, ko ta saki riƙo, ko ta tura a karkace. Nauyin mutum goma sha shida yana bi ta wuyan na gaba shidan nan, uku a kowane ɓangare, shi ya sa doka ba ta yarda a sa wadda ba a horar ba a wurin. Idan ƙwararrun sun ƙare saboda rauni, sai alƙali ya ce a yi sikiram ba turi.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, domin nan ne gasar take rabuwa. Idan aka ba tawaga bugun hukunci a tsakar fili, sau da yawa ba ta neman maki 3. Sai ta buga ƙwallo waje, kusa da kusurwar abokan karawa, jifan kuma nata ne. Ana jeruwa layi biyu da ratar mita ɗaya, tsakanin layin mita 5 da na mita 15. Mai lamba 2 ta jefa, mutum biyu su ɗaga mai tsalle sama, ta cafke, ta sauko ta juya wa abokan karawa baya. Nan take sauran su manne mata, a zura ƙwallo daga hannu zuwa hannu har ta kai ga ta ƙarshe, sannan duka su tura gaba a dunƙule. Sunan wannan mol. Masu tsaro ba su da damar kayar da shi da gangan, ba su da damar shigowa ta gefe. Idan suka yi, hukunci ne, wani lokaci har da katin gargaɗi na minti 10. Idan kuma alƙali ya ga laifin ne ya hana a dire, sai ya ba da maki 7 kai tsaye. Abin da ke ɓata shi kaɗan ne amma yana yawan faruwa: jifa ta karkace, ko masu ɗagawa su makara da rabin daƙiƙa, ko na gaba su tsinke daga mai ƙwallo, sai a kama su da laifin tare hanya. Idan ya tsaya cik, alƙali yana ba da daƙiƙa 5 a fitar da ƙwallo.

Wannan aiki ba baiwa ke yin sa ba, maimaici ne, mutum takwas kullum tare. Nan ne kuɗi ya shigo. A Janairun 2019 hukumar zari-ruga ta Ingila ta ba 'yan wasa 28 kwantiragin cikakken aiki, yayin da takwarorinsu a wasu ƙasashen suke tashi daga aiki ko makaranta su tafi atisaye da yamma. Wales ba ta fara ba sai Janairun 2022, da mutum 12, Sikotlan da Ailan suka biyo baya a cikin shekarar. Duba sakamakon: Ingila ta ɗauki kofin sau bakwai a jere daga 2019 zuwa 2025, kuma a tsawon wannan lokaci ba wadda ta doke ta a gasar, faɗuwarta kafin nan ita ce a hannun Faransa a birnin Grenoble a 2018, da ci 18 da 17. Mutane suna yabon gudun 'yar wasan Ingila Ellie Kildunne, wadda aka zaɓa gwarzuwar duniya a 2024, kuma ta cancanta. Amma filin da take samu ta ruga, na gaba ne suka buɗe shi bayan sun gajiyar da masu tsaro. Ka lura da minti 20 na ƙarshe: sai Ingila ta fito da sababbin 'yan gaba daga benci waɗanda ba su gaza na farko ba, ɗaya ɓangaren kuwa ƙafa ta riga ta yi nauyi, takal, wato kamun mai ƙwallo don a kayar da ita, ya fara hawa sama. Takal da ya taɓa kai ko wuya laifi ne, sau da yawa har da kati, kuma wadda ta bugu a ka ana fitar da ita likita ya duba ta.

Kada wannan ya sa ka ɗauka babu abin kallo. Faransa ta ci gasar a 2014, 2016 da 2018, Ailan a 2013 da 2015, kuma Faransa ba ta sarewa. Da suka kara da Ingila a 2023 a filin Twickenham da ke London, gaban 'yan kallo 58,498, Ingila tana gaba da 33 babu ko ɗaya a lokacin hutu, aka tashi 38 da 33. A 2025 a filin nan dai aka tashi 43 da 42. Salon Faransa daban ne, suna son miƙa ƙwallo a daidai lokacin da ake kayar da su, don kada wasa ya tsaya masu tsaro su sake jeruwa. Yana da haɗari, domin ƙwallo na yawan zubewa, amma ran da ya yi kyau babu mai tare su. Wasannin da ke tsakanin sauran huɗun kuma su ne suka fi zafi, saboda ƙarfi ya zo kusa da juna. Abin da nake fata shi ne hukumominsu su daure da biyan 'yan wasa shekara da shekaru, domin ba a cike irin wannan rata a kaka biyu.

Tun 2022 gasar ta samu lokacinta na kanta, bayan an gama ta maza, kuma yawancin wasannin suna faɗowa a watan Afrilu, ranakun Asabar da Lahadi. A lokacin agogon Birtaniya da Ailan daidai yake da na Najeriya da Nijar, na Faransa da Italiya kuma yana gaba da awa ɗaya. Idan wasa ɗaya kawai za ka samu, nemi na Ingila da Faransa, wanda a 'yan shekarun nan ake ajiyewa zagayen ƙarshe. Ka bar bin ƙwallo na ɗan lokaci, ka bi masu lamba 1 zuwa 8, ka ƙirga sau nawa kowace tawaga ta riƙe jifanta na gefe da sau nawa aka ƙwace mata.

Ka gaishe mini da Baba da Inna, da maiɗakinka da yara. Ina jiran amsarka bayan ka kalli wasa na gaba. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
Amininka