A tambaye mu kafin a rubuta tsarin ilimin jiha

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da kwamishinonin ilimi na jihohinmu.

Ni tsohon malamin firamare ne. Tun da na ajiye alli aka sa ni a kwamitin kula da makarantar unguwarmu, wanda ake kira SBMC. Aikin namu ba wani mai yawa ba ne. In iska ta yaye kwano mu bi gida-gida neman gudummawa, in yaro ya daina zuwa mu je mu sami ubansa a kasuwa. Amma a gabanmu duk wata takarda da aka rubuto daga Abuja take sauka, kuma kwanakin nan kafin mu gama karanta wata, wata ta zo ta soke ta.

A Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa za a riƙa koyar da yara da harshen uwa daga aji ɗaya har aji shida. A Nuwamban 2025 wani ministan ilimin, Dakta Tunji Alausa, ya ce an soke wannan, da Turanci za a yi tun daga tushe, wai inda aka rungumi harshen uwa can aka fi faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. To, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko aji huɗu bai gama ba a lokacin, ina ya ga takardar WAEC? A Bauchi da Sakkwato an yi shekaru ana horar da malamai kan koyar da karatu da Hausa a shirin Mu Karanta, an buga littattafai, an raba. Yanzu malamin da ya sha wannan horo ya yi yaya da su? Shekarun shiga jami'a ma haka aka yi. Farfesa Tahir Mamman yana ministan ilimi ya ce 18 a 2024, shekarar ba ta ƙare ba magajinsa Alausa ya mayar da su 16.

Da Abuja nake yi da na yi shiru, domin muryata ba za ta kai can ba. Da jiha nake, saboda tsarin mulkin 1999 bai bar wa tarayya ilimi ita kaɗai ba. Jiha ce ke ɗaukar malamai, ita ke tura su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta samun rabonta na ayyuka sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, ta kuma miƙa tsarin abin da za ta yi da kuɗin. Alƙalamin yana hannunta ke nan. Kwamishinanta kuma yana da kujera a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ake amincewa da irin waɗannan sauye-sauye. Da bakin wa yake magana in ya je can?

Ga abin da ya same mu. Wata safiya tifa ta juye yashi a filin makarantarmu, wani ɗan kwangila ya kafa turaku, ba wanda ya ce mana uffan, har shi hedimasta. Aka gina azuzuwa biyu masu kyau, aka shafa fenti. Yau awaki ne ke shan inuwa a barandarsu, domin ba malamin da zai shiga. Da an tambaye mu, da mun ce malami muke so, sai kuma banɗaki. 'Yan mata da zarar sun kai aji biyar sai su fara zamewa, kuma duk uwar da ka tambaya dalilin nan za ta faɗa maka, tana sunkuyar da kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san ana yin abin da ake kira taron masu ruwa da tsaki. Na taɓa halartar ɗaya a wani otal. Turanci aka yi daga farko har ƙarshe, aka nuna mana tsarin a majigi an riga an gama shi, aka ba mu shinkafa da kuɗin mota. Sanarwa ce aka yi mana, aka sa mata sunan shawara.

Abin da nake roƙo shi ne, kafin a rubuta tsarin shekara, kuma kafin kwamishina ya tafi taron majalisar, a zauna a kowace ƙaramar hukuma da harshen da mutanen wurin ke ji, Hausa ne, Fillanci ne ko Barbarci. A kira masu unguwa da malaman tsangaya da na Islamiyya, don yaran da ake ta cewa ba sa makaranta da yawansu a hannunsu suke. Mata kuwa a yi musu nasu zaman daban, in ba haka ba za su zo su koma ba su buɗe baki ba. In an gama, a liƙa abin da aka ware wa kowace makaranta a jikin bangonta, a karanta a rediyon jiha.

Mu dai ranar Asabar ta farkon kowane wata muke zama, bayan la'asar, a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin ofishin hedimasta. Akwai benci ɗaya da bai karye ba, in jami'in ilimi zai zo mu ajiye masa.

Naka,
Tsohon malamin firamare, mamba a kwamitin SBMC