Roƙon taimako: ajin lissafin yaranmu ba rufi, jarabawa kuma na tafe

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata na unguwa da waɗanda ke Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna, Abuja da Legas wurin nema, wanga saƙo daga kwamitin makarantar Islamiyyar masallacinmu na nan Jega ne, kuma don Allah a daure a karanta har ƙarshe kafin a tura "Allah ya ba da iko" a wuce.

Duk wanda ya biyo ta bayan masallaci ya ga abin da muke magana a kai, ba sai an faɗa mai ba. Ajin nan na ƙarshe da yara ke zama darasin lissafi bayan La'asar, tun iskar daminar bara da ta kwashe kwanon rabinsa har yau sama muke kallo. Kwano biyu can gidan maƙwabta anka tsinto su sun nannaɗe kamar tabarma. Allon bango ruwa ya wanke shi, siminti ya fito fari, in malam ya rubuta 8 yaran baya 3 suke gani. Benci huɗu sunka rage masu ƙafa, sauran yara buhun siminti suke shimfiɗawa su zauna. Yanzu ga hunturu ya shigo, ƙura na zuba bisa littafi, yaro na rubutu yana hura takarda yana tari. Batirin sola kuwa ya mutu tun kafin azumi, da an yi Magariba shi ke nan an tashi, alhali manyan yaran da ke shirin JAMB, jarabawar shiga jami'a, sai dare suke samun sukuni don da rana suna kasuwa ko fadama.

Wasu na tambaya, kuma mun ji da kunnenmu, wai mi ya haɗa masallaci da lissafin boko. To bari mu amsa, don ba tambayar banza ba ce. Ranar da anka yi rasuwa a gidanku anka zo rabon gado, wa ke fitar da sumuni na matar mamaci da sudusi na mahaifiyarsa, ya raba saura namiji rabo biyu mace ɗaya? Mai noman shinkafa da ruwan sama ya shayar mai zakkarsa ɗaya cikin 10 ce, wanda ya sha wahalar injin ban ruwa da fetur ɗaya cikin 20, mai kuɗi da sunka kai nisabi sunka shekara ɗaya cikin 40. Wannan duka kasafi ne, shi ne dai abin da ake tambayar yaranmu cikin jarabawa, sai dai can an sa mai rigar Turanci. Liman da kansa ya ce yaron da bai iya rabi da rubu'i ba bai isa ya zauna gaban littafin gado ba, shi ya sa ya ba mu ajin tun farko.

Ga abin da yaran ke fuskanta. 'Yan aji shida na firamare akwai jarabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, irin su kwalejin 'yan mata ta Gwandu da kwalejin Birnin Yauri da ta kimiyya da fasaha ta Zuru. Ban da lissafi na yau da kullum akwai wani sashe na gwajin basira, inda ba a gaya ma yaro ya tara ko ya ɗebe, sai a zana mai akwatuna, a nuna 2 da 3 sun ba da 13, a nuna 3 da 4 sun ba da 25, a ce to 4 da 5 fa? Shi zai gano da kansa cewa kowace lamba ana ninka ta da kanta sannan a haɗa, 16 da 25, amsa 41. Yaron da bai taɓa ganin irin wannan ba wallahi ko hazikin ajinsu ne zai zauna yana cizon fensir har a ce a aje. Wanda ya yi irinsu ɗari biyu a gida kuwa kallo ɗaya zai musu. Ba kaifin kai anka fi mu ba, yawan bita ne.

Manyan kuma JAMB tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambaya 180 cikin awa 2, ku lissafa da kanku, daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya, kuma ba a shiga da kalkuleta sai 'yar ƙaramar da ke cikin kwamfutar. Haka masu neman aikin ɗan sanda, kwastan, shige da fice, duk sai an zaunar da su gwajin nan, kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, gudun mota da tazara, mutum 6 sun yi aiki kwana 10 mutum 4 kwana nawa za su yi. Kuma wanda bai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero da kwalejin Waziri Umaru mafi yawan kwasakwasansu sai dai ya hango daga bakin get.

Akwai wani yaro a ajin, yana taya babansa sayar da albasa. In ka saye tiya uku da rabi ka miƙa mai kuɗi, kafin ka maida hannu aljihu ya faɗa maka canjinka, bai taɓa kuskure ba. Malam ya rubuta mai a allo, an sayi buhu 40,000 an sayar 50,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Ya ce 10. Anka ce sake, ya ce 20. Sai da malam ya ce da Hausa, kai in ka zuba dubu arba'in ka samu dubu goma a kai, wane yanki na uwar kuɗinka ka samu, nan take ya ce rubu'i mana, ya tsaya, ya yi dariya ya ce ashe 25 ce. Lissafin na cikin kansa tuntuni, hanyar fito da shi bisa takarda ce babu. Wata yarinya kuma shekarar da ta wuce ta san amsoshinta sarai amma ta tsallake layi ɗaya wurin cike takardar amsa da fensir, duk abin da ya biyo baya ya goce, ta dawo gida tana kuka, don ba ta taɓa riƙe irin takardar ba sai ranar. Hoton takardar naira nawa ne jama'a?

Mu tuna a 2013 da anka fitar da makin shiga makarantun tarayya, yaron Anambra sai ya ci 139, namu na Kebbi maza 9 anka nema. Har yau ana mana gori da wannan a intanet, mu yi ta zuciya muna maida martani, amma ajin da zai cire mu daga gorin ga shi nan ba rufi.

Ba za mu ɓoye ba, an sha ba mu kunya. Gab da zaɓe wani babban mutum ya zo da motoci uku, ya tsaya cikin ajin anka ɗauki hoto da yara, ya ce bandir biyar na kwano na bisa hanya. Hoton mun gan shi a Facebook washegari, kwanon dai har yau yana bisa hanya, ƙila motar ce ta lalace. Mun buɗe zauren WhatsApp na 'yan unguwa mazauna waje, saƙon addu'a ya fi ɗari, waɗanda sunka turo wani abu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ba mu raina addu'a, Allah ya karɓa, amma kafinta ba ya karɓarta a madadin ƙusa. Kuma wasunmu da ke cewa babu, mun ga abin da anka kashe wurin kamu da dina watan jiya, ba mu ce komai ba.

Sai dai kuma akwai waɗanda in mun tuna su sai ido ya cika. Gwaggonmu mai ƙuliƙuli ta bakin kasuwa, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, duk Juma'a sai ta aiko jikarta da kuɗin alli a ƙulle cikin leda, ta ce a sa mata albarka ko yaran ga su zama likita. Mai shayin bakin titi wata biyu yana jawo mana waya daga janaretansa kyauta har sai da tsadar fetur ta sa ya daina, ya zo da kansa yana ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifi. Malamin lissafin kuwa tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, sisi ba ya karɓa, da kekensa yake zuwa, littafin tsoffin tambayoyi guda ɗaya gare shi bangonsa ya cire ya ɗinke da zare, shi yara ke karɓa bi da bi. Allah ya saka musu da Aljanna.

Abin da muke nema kwano da katako da ƙusa da ladan kafinta, buhun siminti da baƙin fenti na allo, batirin sola ɗaya, littattafan bita, in Allah ya hore ko tsohuwar kwamfuta ce guda biyu don yara su saba da riƙe linzami kafin ranar jarabawa, kada hannu ya yi ta rawa. Ɗan abin da anka tara a baya ya tafi wurin benci da alli da hoton takardu, littafin na wurin ma'aji ga mai son dubawa. Kuɗin kaya kun san kullum tashi yake shi ya sa ba mu sa adadi ba. Mai kwano ɗaya ya kawo ɗaya, mai shago ya ba da fensir, ɗalibanmu na jami'a in kun zo hutu ku ba mu awa ɗaya da yamma.

A miƙa wa ma'aji ko na'ibin liman bayan kowace sallah, mata kuma su ba uwargidan liman. Kafinta ya ce in kaya sun samu kwana uku ya gama, kuma muna son a rufe kafin hadarin farko ya taso. Ranar Juma'a bayan an sallame za mu buɗe ajin, kowa ya leƙa ya gani da idonsa.

Wassalam, kwamitin makaranta.