Ambaliyar kogin Haɗeja a tukunyarmu ta birni take ƙarewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan markar nan da ake ta zabgawa tun shigowar watan Agusta, da halin da manoman bakin kogi suke ciki tun daga Wudil har ka dangana da Ringim da Auyo da Haɗeja. Ni hatsi nake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau, a Kurna nake zaune da iyalina, amma asalina mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, gonarmu ta gado tana fadama kuma yayana ne yake noma ta har yau. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Mu nan cikin birni in aka yi ruwa mai ƙarfi damuwarmu ita ce kwata ta cika, titi ya shafe, mai adaidaita ya ƙara kuɗi, bayan awa biyu ruwa ya janye kowa ya kama gabansa. Ba ma tambayar ina ruwan nan ya tafi. Toh ai ba ɓacewa yake ba. Kogin Kano da aka datse a Tiga tun zamanin Audu Bako, aka gama aikin a 1974, da kogin Challawa da aka yi wa madatsa a wajen Ƙaraye a 1992, su biyun nan haɗuwa suke kafin a kai Wudil su zama kogin Haɗeja, daga nan ya shiga Jigawa inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, babu wani tudun kirki da zai riƙe shi, in ya cika sai ya bazu hagu da dama ya bi gonakin mutane a Ringim da Taura da Miga da Kafin Hausa da Auyo da Kirikasamma da Guri, sauran ya wuce Nguru da Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Kuma kar mu manta kafin 1991 duk garuruwan Jigawan nan jihar Kano ne, da wuya ka samu unguwa a birnin nan da babu mai dangi a can.

A damunar 2022 wajen ƙarfe biyun dare yayana ya kira ni, ina ɗauka na ji ihun mata da kukan awaki a bayansa, abin da ya ce kawai shi ne jinga ta ɓalle, ka yi mana addu'a. Jingar nan su suka tayar da ita da hannunsu, kusan sati guda matasan gari suna cika buhu da ƙasa suna jerawa, dare ɗaya ruwa ya samu wuri mai rauni ya shige. Bayan kwana biyu na tafi, mota ta ajiye mu inda titi ya ƙare muka shiga kwale-kwale, wallahi Malam Edita ta kan gonarmu muka bi ban gane ta ba sai da na hango tsamiyar da take kan iyaka. Gero ya riga ya ƙosa, sauran kwanaki kaɗan a sa masa hannu, sai kawunansa kaɗai kake gani suna leƙowa saman ruwa. Shinkafa kuwa da ta yi ciki ko alamarta babu. Na ga dattijo sa'an mahaifinmu ya shiga ruwa har ƙirji yana yankan zangarniya yana miƙa wa jikansa a cikin jirgi, suka kai barandar makarantar firamare suka shanya, babu rana, kwana uku duk ya yi tsiro ya yi funfuna, ko akuya sai ta shinshina ta bar shi.

Gidajen ma ba wai ruwa ne yake zuwa da ƙarfi ya ture su ba, a'a, zama yake yi yana cin gindin katanga a hankali, ginin ƙasa ne, sai cikin dare ka ji rim ɗaki ya zauna. Rumbunmu haka ya yi da ragowar dawar bara a ciki. Mutane suka tare a ajujuwa, mata ɓangare guda maza ɓangare guda, sauro kamar a kama da hannu, rijiyoyi duk sun haɗe da ruwan masai, yara suka fara amai da gudawa. A shekarar gwamnatin tarayya da kanta ta ce sama da mutum 600 ne suka rasu a faɗin ƙasar nan, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin inda abin ya fi ƙamari.

Tallafi ya zo, ba zan yi ƙarya in ce bai zo ba. Bayan wajen sati uku wasu jami'ai suka iso da mota, aka rubuta sunaye, aka ɗauki hotuna, yayana ya samu tabarma biyu da bokiti da katan ɗin taliya, shi da yake da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya da bashin buhu shida na taki a wuyansa, uku daga ciki ma ni na ranta masa. Allah ya saka wa wanda ya bayar, amma wannan ihu ne bayan hari.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan kenan. Duk shekara sai an yi gardama, mutanen ƙauye su ce an buɗe Tiga an sako musu ruwa, masu kula da madatsun su ce ba buɗewa aka yi ba, dam ce ta cika ta tumbatsa ruwa ya bi ta magudanar da aka gina masa don kar ta fashe. Ni ba injiniya ba ne, kuma wanda ya tuna fashewar madatsar Bagauda a 1988 ko ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024 ba zai ce a hana ruwa fita daga madatsa ba. Amma ko ma wanne ne, ai akwai wanda yake kallon ma'aunin ruwan nan kullum, kuma ruwa ba ya tashi daga Tiga ya kwana a Haɗeja dare ɗaya, kwanaki yake yi a hanya. Kwanakin nan su manomi yake buƙata. Da a ce an ce wa yayana nan da kwana huɗu ruwa zai iso ku, da ya tara gayya sun yanke geron nan ko bai gama bushewa ba, ya kwashe rumbu ya kai tudu, ya kora dabbobi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashensu tun farkon shekara, har da sunayen ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari, toh amma a Abuja ake karantawa da Turanci, kuma ce wa mutum a watan Afrilu ƙaramar hukumarku tana cikin haɗari ba labari ba ne a wajensa, ya san haka tun kakanninsa. Abin da bai sani ba shi ne yaushe. Ga gidajen rediyo birjik a Kano ana kwana ana sojan baka a kan siyasa, me zai hana kullum bayan labaran yamma a watan Agusta da Satumba a faɗi da Hausa inda ruwa ya kai a Tiga da Challawa da gadar Wudil, a kira dagatai da masu unguwanni a waya, liman ya sanar bayan sallar isha'i? Nawa wannan zai ci?

Sai maganar kachalla. Duk wanda ya san yankin Haɗeja zuwa Nguru ya san ciyawar nan, doguwa ta fi mutum tsayi, ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, yashi da laka suna taruwa a gindinta har kogi ya rasa hanyarsa ta asali ya nemi wata ta cikin gonaki, ga shi kuma a cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana su fito da safe su cinye shinkafar da ta tsira. Dattawanmu suna cewa da can da kogi yake ƙafewa da rani ba ta samun wurin zama haka, tunda aka yi madatsu ruwa ya koma gudana rani da damina ta samu gida. Na san ana ɗan taɓa yashewa wasu shekarun, amma aikin nan na rani ne, daga Janairu zuwa Mayu, lokacin da kowa ya manta da wata ambaliya, ba sai ruwa ya kai wuya a turo mota ta tsaya a bakin gari ana ɗaukarta a bidiyo ba.

Mu ma da namu laifin fa. Manoma suna nome har bakin gaɓa, an sassare bishiyoyin da suke riƙe ƙasa. Nan birni kuma mu cika kwata da leda, a gina shago a kan magudana, ai ba mu manta asarar da 'yan Kantin Kwari suka yi a 2022 ba da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Kuma bari in faɗi namu na 'yan kasuwa tunda ran wanka ba a ɓoye cibi, da zarar labari ya iso Dawanau cewa ruwa ya ci gonakin Haɗeja, tun kafin ya janye wasu sun rufe sito, buhun gero ya tashi, ni kaina na taɓa riƙe kaya ina jiran farashi, Allah ya yafe mana. Matar da take awon kwano ɗaya a Rimi ko Kurmi ita take biyan kuɗin ambaliyar da ba ta taɓa gani ba.

Wanda yake son taimakon manomin da ruwa ya ci, ya jira shi a bakin fadama a watan Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin ruwa ya janye ya bar laka mai kyau da danshi, sanyi yana shigowa, lokacin alkama ne da albasa da tumatir, a ba shi iri da taki da injin ban ruwa da ɗan kuɗin mai, ko bashi ne mai sauƙi, kafin azumi ko sallah ya mayar da rabin abin da ya rasa. Yayana shanun huɗarsa biyu ya sayar ya sayi inji ya yi alkama a shekarar, da ita ya biya bashin taki, amma har yau bai mayar da shanun ba, haya yake yi duk damuna.

Shekaranjiya ya sake kirana, ya ce ruwa ya taɓa gindin tsamiyar nan, matasa sun koma kwana a kan jinga da fitila. Jiya na ɗaure buhunan da babu komai guda ɗari biyu na ba direban motar Ringim ya kai musu. Dan Allah Malam Edita ka tura wakilinka ya je ya gani tun jingar tana tsaye.

Naka,
Wani mai sayar da hatsi a Dawanau,
Kurna, Kano.