Rahoton Kwamitin Gina Rumbun Hatsi na Masallacin Unguwarmu, Jos

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da 'yan'uwa.

Alhamdulillahi, rumbun hatsin da kuka ɗora mana ginawa a bayan masallaci ya kammalu. Makulli ɗaya yana hannun Malam Liman, ɗaya yana hannun ma'aji.

Kun san mafarin aikin. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mudun masara ya gagari magidanta da dama. Hatsin sadakar da muke tarawa kuwa a baranda muke jibge shi, ɓera da danshi su ci rabonsu kafin mabuƙata su samu.

Ɗaki biyu ne, an rufa da kwano. Daɓen ya fi komai cin siminti, don mun ɗaga shi sama sosai saboda ruwan daminar Jos, aka jera katako a kai yadda buhu ba zai taɓa ƙasa ba. Tagogin ƙanana ne, can sama, da raga. Aikin ya ja lokaci saboda bulon farko da aka kawo mana yashi ne kawai, yana marmashewa a hannu. Muka mayar, kuɗin mota ya tafi a banza. Laifinmu ne, mun bi araha.

Ana tsakiyar gini wani dattijo ya tambaya ko wannan ba ɓoye abinci ba ne, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana. Malam Liman ya ce abin da aka hana shi ne a riƙe kaya sai ya yi tsada jama'a na wahala. Ya karanto aya ta 47 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf (AS) ya ce a bar abin da aka girbe a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Namu ma da kaka za a sayo masara daga Mangu, a fitar da ita tsakiyar damina lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa, a kan farashin da aka saya. Marayu da zawarawa kyauta ne. Hatsin zakka kuwa ba za a ajiye shi ba, yana zuwa za a raba.

Lissafin kuɗi yana liƙe a allon masallaci, kowa ya duba. Saura sikeli da buhunan PICS masu leda biyu a ciki, don mu huta da zuba maganin ƙwari a abinci. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji bayan sallar Juma'a.

Wassalam,
Sakataren Kwamiti