Kafin ka ɗaure jakar Chaina

Assalamu alaikum mutumina,

Ashe biza ta fito! Kuma wai a bakin ƙanenka zan ji, ya shigo shago sayen gilashin waya yake ce min ai Yaya Chaina zai tafi watan Afrilu. To Alhamdulillahi, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a je a sa'a. Wallahi na yi murna ba kaɗan ba, don na san tsawon lokacin da ka ɗauka kana damƙa wa mutane kuɗi su sayo maka kaya, su kawo abin da suka ga dama a farashin da suka ga dama. Amma laifinka na nan ban yafe ba, tun da ka koma Legas sai dai a gan ka a sitatus. Ya madam da yara? Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, ta ce ƙafar da sauƙi, ta kuma ce in faɗa maka maganin shafawar nan ya kusa ƙarewa.

Ina so in tambaye ka ranar tafiyar da kuma jirgin da za ka bi, amma bari in fara da abin da ya hana ni sukuni. Yaron ya nuna min hoton da ka tura musu a gurup ɗin gida, jaka a buɗe a kan gado, ga takalma ga kilishi, sai na hango ƙaton fawabank ɗin nan naka mai fitila da igiyar ratayawa, mai 50,000mAh, wanda nauyinsa kamar bulo. Dan Allah ka cire shi ka bar wa madam ta riƙa maganin NEPA da shi. Wannan abin ba zai hau jirgi ba, ko ta Adis Ababa ka bi ko ta Dubai ko ta Doha.

Ga yadda abin yake. Su masu jirgi ba ruwansu da mAh ɗin da muke tallata wa mutane a kasuwa, Wh suke dubawa, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Lissafin ba wuya, ka ninka mAh da 3.7 sai ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37Wh kenan, mai 20,000 ya zama 74Wh, mai 27,000 yana dab da 100. Ƙa'idar da kusan duk kamfanonin jirgi suke bi ita ce, daga 100Wh zuwa ƙasa ka wuce abinka, tsakanin 100 da 160 sai da izinin kamfanin jirgin kuma ba a wuce guda biyu, abin da ya haura 160 kuwa babu maganarsa kwata-kwata. Naka in dai da gaske 50,000 ne ya kama 185Wh. Ko mai 30,000 ɗin da kowa ke rububi yanzu 111 yake, ya riga ya tsallake layi. Kuma kar ka ce za ka yi dabara ka cusa shi cikin babbar jakar da ake aunawa ta tafi ƙasan jirgi, wannan ne ma babban laifin, fawabank a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi. Na'ura za ta gan shi, ko a kira sunanka a lasifika ka zo ka buɗe jaka a gaban jama'a, ko jakar ta kwana a can kai ka sauka babu kaya.

Kuma ba wulaƙanci ba ne suke yi, akwai dalili. Ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin Air Busan yana shirin tashi daga Busan a Koriya ta Kudu zuwa Hon Kon wuta ta kama daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, mutum 176 aka fitar, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma saman jirgin ya ƙone, kuma bincike ya karkata kan fawabank. Tun daga nan aka tsaurara. Emirates daga 1 ga Oktoban 2025 guda ɗaya tak suke bari ka shiga da shi, ƙasa da 100Wh, ba za ka caja waya da shi a cikin jirgi ba, ba za ka jona shi ya yi caji ba, kuma ba a sa shi a sama, sai aljihun kujera ko jakar da ke ƙarƙashin kujerar gabanka. Mu nan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano tun gobarar ranar babbar sallar 2025 babu wanda ke wasa da maganar batir, in ka ga yadda mutane suka tsaya suna kallon dukiyarsu na ci da wuta ba za ka ga baƙin masu jirgi ba. Dokokin nan suna yawan canzawa, saboda haka ka shiga shafin kamfanin da ka yanki tikiti ka karanta nasu kafin ranar.

Af, na tuna, ka ji an sa ranar ɗan gidan Baffa? Bayan ƙaramar sallah ne, kuma yarinyar ƴar layinku ce ta da, gidan da ke kallon mai shayi. An ce sai da Gwaggo ta sa baki kafin uban ya sauko. Ka shirya kuɗin anko don ba za a ɗaga maka ƙafa ba, yanzu ai kai babban ɗan kasuwa ne mai zuwa Kanton Fiya, babban bajekolin nan na Guangzhou, kwana kaɗan za ka fara amsa waya da ni hao.

To koma kan magana, abin da ya fi damuna ma ba girman ba ne, wata doka ce ta Chaina da yawancin mutanenmu ba su sani ba sai sun je sun yi asara. Daga 28 ga Yunin 2025 hukumar jiragen samansu ta hana shiga jirgin cikin gida da duk fawabank ɗin da ba shi da tambarin CCC a jikinsa, wanda suke kira 3C, harafin C guda uku ne a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Ko yana da shi in ya goge ba a gani sosai, ko yana cikin waɗanda kamfani ya janye daga kasuwa, karɓewa za su yi. An sa dokar ne bayan Romoss da Anker sun janye wasu samfuransu masu ɗimbin yawa a wannan watan saboda matsalar batir. Abin lura shi ne yawancin waɗanda muke sayarwa a nan, har masu kyau na asali, an yi su ne don kasuwar waje, tambarin CE ko FCC za ka gani, babu 3C. Wani abokin cinikina ya sayi mai tsada a hannuna, sabo dal, ya shiga da shi ƙasar lafiya lau, ranar da zai hau jirgi zuwa wani gari aka nuna masa kwandon da ake zubawa, ya ce kwandon cike yake maƙil. Ƙanenka ya ce kana son ƙarasawa Yiwu bayan Guangzhou, shi ya sa nake jaddada maka. In jirgin ƙasa za ka bi da sauƙi, su sharaɗinsu kar ya wuce 100Wh kuma rubutun jikinsa ya fito sarai.

Shawarata, ka tafi da mai 10,000 mai kyau guda ɗaya na hanya, in ka sauka ka huta ka shiga shagon kamfani na gaske, irin na Xiaomi ko Huawei da ke cikin manyan mol, ka sayi mai 20,000 ka juya bayansa ka ga 3C da idonka kafin ka biya. Kar ka saya a hannun masu shimfiɗa a bakin titi don an ce araha, can ma akwai jabu kamar nan.

Jabun nan kuwa ka san ni kullum a cikinsa nake. Kwanaki wata mata ta kawo min nata wai an rubuta 40,000 amma ko rabin wayarta ba ya cikawa, yaron shagona ya sa sukuddireba ya ɓalle shi, batir shida ne a jere masu kama da juna, biyu ne kawai aka haɗa wa waya, sauran huɗun da ya fasa ɗaya yashi ne ya zubo a kan tebur, an cika shi ne don ya yi nauyi a hannu. Matar ta daɗe tana kallon yashin nan ba ta ce komai ba, ni kaina abin ya taɓa ni don kuɗin adashinta ne. Saboda haka nauyi kaɗai ba shaida ba ne, amma rashin nauyi shaida ne, mai 20,000 na gaskiya ya haura giram 300, in ka ji shi sakayau ajiye shi. Sannan ko na asali ne kar ka zaci duk abin da aka rubuta zai shiga wayarka, wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa, sauran yana tafiya a wajen juya wutar da zafi. Wayarka mai batir 5,000 mai 20,000 zai cika ta sau biyu da rabi, haka nan.

Kada ka ga kamar ina zuzuta abin, a can waya ita ce komai naka. Da Alipay ko WeChat za ka biya tasi da abinci da tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ita za ka fassara abin da mai kaya ke faɗa, da ita za ka ɗauki hoton samfur da katin kamfani, ga zauren bajekolin a Pazhou girmansa ya wuce misali, tun safe kana tafiya kamara a kunne, kafin azahar batir ya yi ja. Akwai akwatunan hayar fawabank a ko'ina, amma sai ka ɗauki hoton lambar jikinsu da waya kafin su sakar maka, in wayar ta riga ta mutu ka ga ba su da amfani. Kuma ka sani WhatsApp da Google da Facebook ba sa aiki a intanet ɗinsu, ka gyara wannan tun kana gida, ka buɗe WeChat ka sa madam ma ta buɗe, in ba haka ba kwana biyu ba a ji ka ba Hajiya za ta tayar da hankalin kowa.

Sai soket. Namu mai baki uku masu kusurwa irin na Ingila ba ya shiga nasu. Nasu yawanci fuska ɗaya ce mai hawa biyu, sama rami biyu da ke karɓar baki biyu faffaɗa ko zagayayye, ƙasa kuma rami uku, biyu daga ciki a karkace. Manyan otal wasu suna da soket mai karɓar kowane iri, amma ƙananan masaukan wajen Xiaobei inda mutanenmu suka fi sauka saboda abincin halal kar ka dogara da haka. Ni ban cika son adaftar nan ta duk duniya mai maɓallai ana turo baki ta ko'ina ba, nauyi gare ta, ka ɗora mata caja ta sunkuyo daga bango, ka kwanta kana ganin kana caji da asuba ka tarar da kashi 9. Gara ƙarama mai aiki ɗaya, ta karɓi namu ta shiga nasu mai baki uku, ka sayi biyu. Sai ka haɗa da gajeren ekstenshin mai kyau daga gida, adafta ɗaya a bango, duk kayanka su hau kai.

Wutar kanta ba matsala, tasu 220V ce tamu 230V, duka 50Hz, don haka ƴar butar shayinka da na san ba ka rabuwa da ita za ta yi aiki. Da Amurka za ka je inda wutarsu 120V ce da sai mu yi wata maganar, don adafta baki kawai take canzawa, ba ta taɓa ƙarfin wuta. Duk da haka ka duba jikin kowace caja ka ga an rubuta 100-240V. In ta Adis ka bi kuma za ka daɗe a filin jirginsu na Bole, nasu zagayayyen baki biyu ne irin na Nijar, ka sa ƴar adaftarsa a aljihu. In ka tsallaka Hon Kon kuwa irin namu ne sak.

Caja ka nemi mai wat 65 irin sababbin nan na GaN, ƙarama ce, mai ramin taif C biyu, ta ɗauki laftof da waya lokaci guda. Kebul biyu ko uku, don shi ne ke fara mutuwa kuma shi aka fi mantawa a ɗakin otal. Fawabank ɗin kuma ka sa shi a ƴar jakarsa shi kaɗai, kar ya haɗu da makullai da sulalla, kar ka bar shi yana caji a ƙarƙashin filo, in ka ga ya fara kumburi ko yana zafi haka kawai ka rabu da shi.

Wai da gaske ne kai da maƙocin nan naka mai janareto kun shirya? Ƙanenka ya ce har rake ya aiko muku, na ce sai na ji daga bakinka.

Adaftocin ina da masu kyau a shago, zan ba direban da ke kawo maka kaya ranar Litinin tare da kebul da maganin da za ka gani ka sayo wa Hajiya irinsa, kar ka turo ko sisi. Ni dai abin da nake so, in ka samu sarari ka leƙa Shenzhen, kasuwar Huaqiangbei, ka ɗauko min hoton farashin sikirin da batiran waya da katin dilolin da ka ga sun natsu, ko uku ne. Ka gaida madam, ka ce wa babban yaron ina sane da alƙawarin ƙwallonsa.

Naka har kullum.