Zuwa ga baƙinmu masu daraja: maganar wuta da ƙarin kuɗin ɗaki

Assalamu alaikum.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu da ke sauka a masaukinmu na bakin garin Bauchi in za ku gandun dajin Yankari ko na Sumu, muna gaishe ku da fatan alheri.

Na daɗe ina juya wannan takarda a raina. Abin da ya sa na rubuta ta yau shi ne maganar da ta dawo kunnena, wai mun koma rowar wuta, mun ƙara kuɗin ɗaki kuma muna kashe esi da tsakar dare. Ƙarin gaskiya ne, kashe esin ma gaskiya ne. Rowar ce ban yarda da ita ba. Gidan da marigayi Baba ya gina, wanda baƙo bai taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba ko da ƙarfe ɗayan dare ya iso, ba a san shi da wannan hali ba.

Ku yi haƙuri in ɗan ja zancen. Babban janaretonmu gas, wato dizal, yake sha. Kafin 2022 muna sayen lita wajen naira 300. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke sai ta doshi 800, kafin mu farfaɗo ta haura 1,000. Wani baƙo ya ce mini, "To ai tallafin da aka cire ranar 29 ga Mayu, 2023 na fetur ne, me ya haɗa shi da gas ɗinku?" Da gaskiyarsa. Amma motar da ke ɗauko mana kayan miya daga kasuwar Muda Lawal fetur take sha, mai kawo kaji ma haka, ƙaramin injin da muke tayarwa da rana shi ma haka. Kowa ya ɗora nasa a kanmu, mu kuwa muka yi ta haɗiyewa don kunyar ku.

Sai ga Oktoban 2024, da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. A dare na biyar injin ya yi tari sau biyu ya mutu, ɗakuna cike da mutane. Na ga dattijuwar da ta girmi mahaifiyata ta fito da tabarma tsakar gida tana yi wa jikanta fifita da murfin kwali. Ba ta ce mini komai ba sai "Sannu, ɗana, ba laifinku ba ne." Da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Washegari na nemi mai haɗa sola.

Mun ɗora farantan sola a rufin ɗakin cin abinci. Yanzu su ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse su cika tanki tun kafin azahar, su ke riƙe firji, fankoki da fitilu. Mun cire tsofaffin ƙwayaye masu wat 60 mun sa masu wat 9. A hunturu yaronmu kan hau rufi da sassafe da bokiti da tsumma, don ƙurar kwana biyu ta isa ta rage ƙarfin farantin, abin da babu wanda ya faɗa mana lokacin ciniki.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Rana tana ba mu wuta sa'ad da kuke can kuna wanka a ruwan ɗumin Wikki da ke Yankari ko bin sawun giwaye, ɗakuna a kulle. Kuna dawowa bayan magariba, ita ta faɗi, kowa kuma esi yake so. Esi ɗaya yana jan abin da fanka goma sha biyar za su ja. Kafin a riƙe su har asuba sai da batura masu yawa, batur kuwa da dala ake sayensa, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mun ba wani dillali rabin kuɗi. Ya ce kaya suna kan ruwa, ya ce sun iso Legas, ya ce sauran takarda. Ba zan kama sunansa ba, muna dai ta waya da shi.

Ba mu naɗe hannu ba. Akwai hanyoyi biyu ko uku da muke dubawa, muna kuma magana da wasu mutane, in Allah Ya yarda za ku ga canji. Ban so in yanke muku rana in zo in ji kunya, amma burina kada zafin Maris da Afrilu ya same mu a haka.

Alhajinmu na Kano da ke kawo iyalinsa duk bayan ƙaramar Sallah tun Baba na da rai, bana ban ga motarka ba, na kuma lura. Malaman makarantar nan ta Gombe da ke zuwa da ɗalibai, direbobin da ke cewa fasinja "ku sauka nan, gidan mutunci ne", da Hajiyar da har yau take aiko wa masu girkinmu turare, Allah Ya saka muku da alheri. Wasunku sun san ni tun ina ɗaukar wa baƙi jaka.

A yanzu dai esi yana aiki daga magariba zuwa sha biyun dare, fanka da fitila kuwa har safe ba yankewa. Mai tafe da tsoho, jariri ko marar lafiya ya sanar da mu kafin ya taso, za mu ba shi ɗaya daga ɗakuna biyun da batur ke riƙewa har asuba. Wanda kuma ransa ya ɓaci a zuwansa na baya, don Allah ya neme ni ni da kaina, kada ya bar ni in ji a bakin wani.

Wassalam.

Naku,
Mai kula da masauki, a madadin iyalan marigayi da ma'aikata